Na san babu fatalwa a fim ɗin, to me ya hana ni barci?

"Assalamu alaikum. Ni ma'abociyar kallon fim ce, har na ban tsoro nakan kalla a waya, ko gezau. Makon jiya maigidana ya kai ni silima a Abuja muka kalli wani fim na Turawa. An tara mutane a wani tsohon gida cikin dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wai za a kira ruhin wata yarinya da ta mutu, sai aka tsinci gawar ɗaya daga cikinsu. Wallahi sau biyu ina kurma ihu a cikin mutane. A ƙarshe mai binciken ya nuna ba fatalwa ba ce, mutum ne ya shirya komai, kuma wanda ko a mafarki ban zata ba. Amma har yau ba na iya shiga banɗaki da dare sai na kunna duk fitilun gidan, shekaranjiya ma dannau ya danne ni. Me ya jawo haka alhali na san shiri ne? Anya masu fim ɗin ba ha'intarmu suka yi ba? Sannan ɗana mai shekara 10 ya dage sai an kai shi, in kai shi?"

Wa alaikumus salam, Malama. In na fahimce ki, abubuwa uku kike son sani: me ya sa silima ta kayar miki da gaba alhali waya ba ta taɓa yi ba, me ya sa tsoron bai tafi ba bayan asiri ya tonu, sai kuma maganar yaro. Ni sana'ata tace fim ce da haɗa sauti, wato ina cikin waɗanda ake biya don su sa gaban mai kallo ya faɗi a daidai daƙiƙar da darakta ke so. Don haka zan ba ki amsa daga ɗakin tacewa. Abin da zan fara gaya miki shi ne, a irin fim ɗin da kika kalla ba a tsorata ki don tsoron kawai. Ana tsorata ki ne don a ɗauke miki hankali daga mai kisan, wanda tun farko yana gabanki.

Ba ki faɗi sunan fim ɗin ba, amma ba sai kin faɗa ba, don danginsa suna da yawa kuma sun daɗe. Ɗaya daga cikin kakanninsu shi ne littafin Arthur Conan Doyle na 1902, The Hound of the Baskervilles, inda jama'ar wani yanki na Ingila suka yi imani wani karen aljanu ne ke kashe magadan wani gida, mai bincike Sherlock Holmes ya zo ya gano kare ne na gaske da aka shafa wa sinadari mai ƙyalli a duhu, kuma mai shi gado yake hari. Indiyawa sun ɗauki wannan labarin suka yi Bees Saal Baad a 1962. Wanda ya kalli Bhool Bhulaiyaa na 2007 ya san salon: gida ya rikice ana cewa ruhi ne, likitan ƙwaƙwalwa ya zo ya warware. Na baya-bayan nan a cikinsu akwai A Haunting in Venice na 2023, wanda Kenneth Branagh ya ɗauko daga wani littafin Agatha Christie na 1969. Yawanci ginin ɗaya ne. A rufe mutane wuri guda, a yi kisa, a ɗora wa abin da ba a gani, sannan a ƙarshe a nuna hannun ɗan'adam.

Ɗakin da kansa

Ki tuna yadda kike kallo a waya. Fitila a kunne, yara suna shige da fice, saƙo yana shigowa, in abu ya yi miki nauyi ki danna ki tsayar, ko ki tura gaba. Allon ma bai fi tafin hannunki ba, kina ganin ɗakinki ta kowane gefe. Ke ce da iko. A silima kuwa duk wannan an karɓe shi da gangan. An kashe fitila, allo ya cike miki ido, ba ki da abin tsayarwa, tashi ma sai kin ratsa ƙafafun mutane. Ga kuma jama'a. Tsoro yana yaɗuwa a cikin taro: mutum ɗaya ya ja numfashi a bayanki, jikinki ya ɗauka kafin ki san dalili.

Mu da muka taso da gidajen silima irin su Plaza da Marhaba a Kano mun san wani irin kallo daban. Yawancin tsofaffin gidajen nan babu rufi, sama a buɗe take, ana shewa, ana zagin bos, ana gaya wa jarumi ya waiga. Da wuya fim ya firgita ka a irin wannan hayaniya. Silimar zamani ta cikin manyan shagunan nan an lulluɓe bangonta da abin shanye ƙara, ga sanyin na'ura, ga shiru. An gina ta ne don kada wani abu daga waje ya tuna miki cewa fim kike kallo.

Amma babban makamin shi ne sauti, kuma nan zan ɗan daɗe don shi na fi sani. Ƙa'idar da ake saita lasifikan silima a kai ita ce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), tare da barin sarari har zuwa 105 ga kowace babbar lasifika ta gaba idan aka zo wurin ƙara. Wannan tazarar ita ce sirrin. Tana ba mu damar sauke sauti ƙasa sosai har ki riƙa jin numfashin 'yar wasa, ki miƙa kunne, sannan mu sake miki ƙara a lokacin da kunnenki ya gama buɗewa. Waya ba ta da wannan tazara, komai a matse yake fitowa, raɗa da tsawa kusan ɗaya. Sannan akwai lasifikar ƙasa, mai fitar da sauti mai kauri irin na gurnani, wanda bai wuce hez 120 ba (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Shi ba kunne kaɗai ke jin sa ba, har ƙirji da kujera. Lasifikar waya ba ta iya fitar da shi ko kaɗan. Wato rabin abin tsoron da aka zuba a finafinan da kika kalla a gida bai taɓa isowa gare ki ba. Ki ƙara da cewa a silima lasifika tana gefenki tana bayanki, a ɗakunan da ke da tsarin Dolby Atmos, wanda ya fito a 2012, har a saman kanki. Takun ƙafa ya taso daga baya, wurin da ido ba ya kai wa, dole jiki ya tsargu.

Bari in nuna miki yadda muke yi. A ce mace tana tafiya a dogon baranda da kyandir a hannu, za ta buɗe wata ƙofa. Kowane ɗaki a fim yana da 'yar ƙararsa da muke shimfiɗawa a ƙasa, iska ko ruwan sama ko kukan gyare, wadda mai kallo ba ya lura da ita. Tana matsowa kusa da ƙofar sai in riƙa janye wannan ƙarar a hankali, in shigo da wani gurnani na ƙasa-ƙasa wanda ba kiɗa ba ne. Ta kama mariƙin ƙofa, in ɗauke komai. Tsit. Ke ba ki san me ya canza ba, sai dai ki ji tsigar jikinki ta tashi. Ta buɗe, babu kowa. In bar ki ki sauke numfashi, in ma dawo miki da ƙarar ruwan saman don ki yarda an wuce wurin. Tana juyowa sai a buga. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma nakan zauna ina matsar da wannan bugun gaba ko baya da hoto huɗu ko biyar, don in ya zo da wuri kina shirye, in ya makara kin riga kin huce. Ina kyautata zaton ihunki biyu a irin wannan gaɓar suka fito, bayan kin ce a ranki "ashe ba komai".

Dabarar ma tsohuwa ce. A fim ɗin Cat People na 1942 wata mata tana tafiya ita kaɗai da dare, tana jin kamar ana bin ta, an ja shirun har ya kai maƙura, sai ga wani huci mai ƙarfi. Ashe motar bas ce ta taka birki a gabanta. Har yau masu sana'armu suna kiran irin wannan razanarwa ta bogi da sunan bas ɗin Lewton, furodusan fim ɗin. Shi kuma Psycho na Alfred Hitchcock, 1960, wurin kisan banɗakin nan da ya hana mutane da yawa sakewa a wanka, da farko Hitchcock ba ya son kiɗa a wurin. Bernard Herrmann ne ya rubuta masa wannan ƙugin goge mai kama da ihu, da ya ji sai ya sauya ra'ayi. Ƙarar wuƙar kuwa wani ɗan'uwan kankana aka riƙa soka wa, jinin kuma ruwan cakulan ne, tunda fim ɗin baƙi da fari ne. A nan gida abin da nake yawan fama da shi da daraktoci shi ne son a cika kowane wuri da kiɗa daga farko har ƙarshe. Kiɗan da ba ya tsayawa ba ya tsorata kowa. Wanda bai iya barin shiru ba, ba zai iya fim ɗin ban tsoro ba.

Sun ha'ince ki?

Wannan ya danganta, kuma akwai yadda za ki gane. Marubutan labarin bincike suna da ƙa'idar da suke kira wasa da gaskiya. A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labarai ne, ya tsara dokoki 10. Biyu daga ciki su suka shafe mu: dole mai laifin ya kasance wanda aka nuna tun farkon labari, kuma ba a yarda a warware kisa da aljani ko wani abin gaibu ba. Ya kuma ce duk wata alama da mai bincike ya gano, a nuna wa mai karatu ita nan take. Ma'ana, ana so a ba ki duk abin da aka ba mai binciken, ya riga ki ganewa ne kawai don ya fi ki lura.

To matsalar mai fim ita ce: ta yaya zai nuna miki alama a kan allo mai faɗin bango, ki gan ta da idonki, amma kada ki lura? Amsar ita ce fatalwar. Mutumin da ke cikin fargaba idonsa wuri ɗaya yake zuwa, wurin da yake zaton haɗari zai ɓullo. Kina kallon labulen da ke motsi, alhali a gefen allo wani yana ajiye kofi, ko ya faɗi wata magana da bai kamata ya sani ba. Mu masu tacewa mun san wuri mafi kyau na ɓoye alama shi ne dab da razanarwa ko kuma nan da nan bayanta, lokacin da rabin ɗakin ke dariyar kunya, ana dafe ƙirji, ana kallon na kusa. A wannan 'yan daƙiƙun za ki iya nuna wa mutane mai kisan da makami a aljihu, ba mai gani. Fatalwar tana kuma yin wani aikin: tana sauya tambayar da ke ranki. Maimakon ki tambayi "wa zai amfana da mutuwar nan, wa ke da makulli", sai ki koma tambayar "da gaske ruhi ne ko kuwa". Muddin kina kan tambaya ta biyu, mai laifi yana hutawa.

Hitchcock ya taɓa yi wa darakta ɗan Faransa François Truffaut bayani a hirarsu ta 1962 da misalin bam a ƙarƙashin tebur. In mutane biyu suna hira bam ya tashi ba zato, mai kallo ya samu razana ta daƙiƙa 15. In kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, ya san lokacin tashinsa, to ya samu zullumi na minti 15. Fim ɗin da kika kalla yana haɗa biyun ne, har da na uku, wato son sanin wane ne. Shi ya sa ya fi gajiyar da mutum a kan fim ɗin dodo zalla: ƙwaƙwalwa tana lissafi, jiki yana ɗar-ɗar.

Gwajin shi ne ki sake kallonsa. In a kallo na biyu kina ta cewa "kai, ga shi nan ashe an nuna", to sun yi miki adalci, sun fi ki wayo ne kawai. In kuwa mai binciken ya zaro hujjar da ba a taɓa nunawa ba, ko aka nuna miki abin da ba yadda za a yi mutum ya shirya shi sannan aka share zancen, to wannan ha'inci ne, kuma ni a wurina rauni ne a rubutu. Wasu daraktocin sukan bar abu ɗaya da gangan ba su warware ba, don ki fita kina waiwaye. Wannan ba na kiran sa ha'inci, amma yana cikin abin da ke bin mutum gida.

Abin da ya biyo ki gida

Kin ce kin san shiri ne. Sashen ƙwaƙwalwarki mai tunani ne ya sani. Akwai wani ɗan sashe can ciki da ake kira amigdala, aikinsa gano haɗari, kuma ba ya jiran a gama bincike. Masanin ƙwaƙwalwa Joseph LeDoux ya yi suna wajen nuna cewa saƙon haɗari yana iya isa can ta gajeriyar hanya kafin sashen tunani ya tantance mene ne. Ƙara ta tashi, ido ya ƙifta, kafaɗa ta ɗaga cikin abin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ba, sinadarin adirenalin ya zuba a jini, zuciya ta hau bugu. Wannan ba ragwanta ba ce, kuma ba a hana shi da ilimi. Ni da na san inda aka dasa bugun, in na shagala a fim ɗin wani sai na zabura.

Bayanin da mai bincike ya yi a ƙarshe da sashen tunani yake magana. Shi wancan ɗan sashen abin da ya koya cikin kusan awa biyu shi ne: duhu, ƙofa, madubi, ƙarar ruwa, sai mugun abu ya biyo baya. Banɗakinki da dare yana da duka huɗun. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: warwarewar ba lallai ta kwantar da hankali ba. An cire miki fatalwa an ba ki mutum, na cikin gida, mai fara'a, wanda kowa ya yarda da shi. Wannan ya fi kusa da rayuwa.

Dannau kuma yana da bayaninsa. A matakin barcin da ake mafarki, jiki yakan kulle gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yakan farka kafin kullin ya saki, sai mutum ya ji ya kasa motsi, ƙirji ya yi nauyi, har ya ga kamar akwai wani a ɗakin. Ƙarancin barci, damuwa da kwanciya rigingine suna ƙara jawo shi, kuma a kwanakin nan kin tara ƙarancin barcin da damuwar. Yakan saki da kansa cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna.

Abin da na ga yana taimakon mutane ba shi da wuya. Ki sake kallon wuraren da suka fi firgita ki da rana, a ƙaramin allo, ki kashe sautin gaba ɗaya. Za ki sha mamakin yadda abin zai koma mace riƙe da kyandir kawai. In akwai bidiyon bayan fage ki nema, ganin ma'aikata da fitilu da wayoyi a cikin "gidan fatalwar" yana karya kwarjininsa. Ki rage fitilun da kike kunnawa ɗaya bayan ɗaya maimakon ki jira ranar da tsoron zai tafi da kansa, don gujewa tana ƙara masa ƙarfi. Ki kwanta ta gefe, ki kiyaye lokacin barci, ki yi addu'o'inki na kwanciya kamar yadda kika saba. In za ki koma silima kallon irinsa, ki zaɓi na rana, ki zauna can baya kusa da hanya, kuma in kin ji ɗaki ya yi tsit, kunne za ki toshe. Yawancin mutane ido suke rufewa, alhali ta kunne abin ke shigowa.

Iyakata ke nan a matsayin mai tace fim. Ni ba likita ba ne. In aka yi makonni barci bai dawo ba, ko dannau ya zama na kullum, ko bugun zuciya da ƙuncin numfashi suna zuwar miki da rana tsaka, ko kuma fim ɗin ya tono miki wani abin da ya taɓa faruwa da ke, to ki ga likita, wannan ya wuce maganar fim. Mai ciwon zuciya ko farfaɗiya ma gara ya nemi shawarar likitansa kafin ya shiga irin wannan kallo, saboda ƙarar da walƙiyar haske.

Maganar yaro

A ganina kada ki kai shi. Ki fara duba lambar shekarun da ke jikin fosta ko wurin sayar da tikiti. A Najeriya Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa ce ke sa ta, akwai irin su 12, 15 da 18. Finafinan wannan dangin sukan samu lamba mai sauƙi don ba a cika nuna jini ba. A Haunting in Venice, alal misali, PG-13 aka ba shi a Amurka, 12A a Birtaniya, wato an fi ganin ya dace da mai shekara 13 ko 12 zuwa sama. Ko a hakan ɗanki bai kai ba. Kuma lambar ta fi auna abin da ido ke gani, ba ta san yaronki ba.

Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin, wadda ta daɗe tana nazarin yadda fim da talabijin ke tsorata yara, ta nuna cewa ƙananan yara mummunar siffa ce ke firgita su, dodo ko fuska mai ban tsoro, ko da ba ya cutarwa a labarin. Waɗanda suka ɗan tasa kuwa, sa'annin ɗanki, sun fi jin tsoron abin da zai iya faruwa da gaske. Kin ga ke nan ƙarshen fim ɗin, inda aka ce ba fatalwa ba ce mutum ne, shi ne zai fi zauna masa a rai, balle ga yarinyar da ta mutu a cikin labarin. In son bincike ne ke jan sa, akwai labaran gano ɓarawo da na warware asiri da aka yi don yara, ku kalla tare a gida da rana, rimot a hannunsa, kuna tsayarwa kuna cacar wane ne mai laifin. Fim ɗin da kika kalla kuwa ya jira shekara biyu ko uku, kuma ko a lokacin ke ko babansa ku riga shi kallo.